Idan Kunne Ya Ƙi Yin Shiru: Jagora Ga Mai Fama Da Kukan Kunne Da Mutanen Gidansa

Daren da abin ya fara mini, tashi na yi da tocila ina neman gyare a ƙarƙashin gado. Lokacin hunturu ne, an ɗauke wuta, unguwarmu ta Ƙofar Marusa ta yi tsit. Na ɗaga tabarma, na leƙa bayan akwati, har maiɗakina ta farka ta ce, "Maigida lafiya? Me ya ɓace?" Na ce gyaren nan ne ya hana ni barci. Ta kasa kunne, ta ce ita ba ta jin komai. Na toshe kunnuwana da yatsu, sai kukan ya ƙara fitowa tar. A nan gabana ya faɗi, don na gane a cikin kaina yake.

Shekara 7 ke nan, kuma yanzu haka da nake rubutun nan yana nan yana tsuwwarsa. Amma ina barci, ina zama a majalisa, ina bin liman hankalina bai rabu biyu ba. A watanni 8 na farko ban samu ko ɗaya cikin waɗannan ba. Na rame, na zama mai saurin fushi, ina tsawata wa yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙarar da nake ji yau ita ce dai ta wancan lokaci. Yadda zuciyata ke karɓarta ne ya sauya, kuma wannan abu ne da ake koyo daki-daki.

Likitoci na kiran wannan lalura tinitus, wato mutum ya riƙa jin ƙara alhali babu abin da ke yin ta a waje. Wani tsuwwa yake ji, wani ƙugi irin na taransfoma, wani shuuu kamar iska na fita daga taya. Wani babban nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya suna da ita, mutum sama da miliyan 740, kuma wajen kashi 2 cikin 100 ne take addaba sosai. Ka ga ke nan a sahu ɗaya na sallar Juma'a ba za ka rasa 'yan'uwanka ba, sai dai kowa ya yi gum da bakinsa.

Mataki na 1: A duba kunnen, a kawar da abin tsoro

Zuciya ba za ta kwanta ba muddin kana zargin akwai mugun abu a kanka, saboda haka asibiti ne farko. Akwai alamomin da ba a kwana da su. Idan jinka ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, ka je a ranar ko washegari, don maganin irin wannan ya fi aiki a kwanakin farko. Haka nan idan ƙarar ta zo bayan buguwa a kai, ko ta haɗu da jiri mai kayar da mutum, ko karkacewar baki, ko mutuwar wani sashe na fuska. Idan kuma a kunne ɗaya kaɗai take, ko tana bugawa daidai da bugun zuciyarka, ko kunnen na ciwo yana zubar da ruwa, ka nemi likitan kunne cikin 'yan kwanaki.

Kana iya farawa daga Babban Asibitin Katsina ko na Daura, a tura ka gaba idan akwai buƙata. Sashen da kake nema shi ne na kunne, hanci da maƙogwaro, kamar wanda ke Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, wanda har yanzu mutane ke kira FMC. Akwai kuma Asibitin Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ka roƙi a leƙa cikin kunnen, don wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe shi. A auna hawan jini, a duba yawan jininka, sannan a yi maka gwajin ji, wanda ake sa maka abin sauraro a kunne kana nuna alama duk sanda ka ji sauti.

Ka tafi da kwalayen duk maganin da kake sha, har da na kemis da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwinin na sa kukan kunne, kuma galibi yana lafawa bayan an gama shan sa. Asfirin mai yawa ma haka. Allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin kuwa suna iya yi wa ji lahani na dindindin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Kada dai ka yanke maganin da likita ya ɗora ka a kai da kanka, ka koma ka gaya masa abin da kake ji.

Ni nawa gwajin ya nuna sautuka masu siriri sun fara kuɓuce mini a kunnuwa biyu. Ba abin mamaki ba ne, don shekara 12 na yi a kan injin niƙan mahaifinmu ban taɓa toshe kunne ba.

Mataki na 2: Ka fahimci abin da ke faruwa a kanka

A nan zan daɗe, don rabin sauƙin da na samu daga nan ya fito.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu ƙananan gashi wajen 15,000, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Hayaniya mai ƙarfi, da tsufa, da wasu magunguna suna kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya tsirowa. Idan saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara murya da kanta, kamar mai murɗa rediyo don ya kamo tasha mai nisa. Da an ƙure murya sai shuuu ɗin rediyon ya fito. Akasarin kukan kunne ke nan.

Wannan shuuu ɗin kusan kowa na da shi a ɓoye. A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun sa mutum 80 masu lafiyayyen kunne a ɗakin da sauti ba ya shiga na tsawon minti 5. Kashi 94 cikin 100 suka ce sun ji tsuwwa ko ƙugi. Ranar da na san wannan na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

To me ya sa mutum biyu za su ji ƙara iri ɗaya, ɗaya na harkokinsa, ɗaya ya kasa cin abinci? Dubi mai jego. Janaretan maƙwabci na ruri ta yi barcinta, amma jariri ya ɗan yi ƙus sai ta farka. Ƙwaƙwalwa tana tace sauti ne bisa muhimmancinsa. Wanda ta ɗauka ba komai ba ne sai ta tura shi baya, wanda ta ɗauka haɗari ne sai ta sa masa ido dare da rana. Wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya bayyana wannan a 1990: wahalar tinitus tana fitowa ne daga haɗuwar sashen ji da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da tashin hankali. Ka ji ƙara, ka ce wannan ajalina ne ko haukacewa zan yi. Gaba ya faɗi, jiki ya ɗaure, barci ya gudu. Ƙwaƙwalwa ta ga yadda ka firgita, ta ƙara kasa kunne. Ƙarar ta ƙara fitowa, tsoro ya ƙaru. Haka ake ta zagaye kamar raƙumin ban-ruwa.

Abubuwa biyu nake so ka riƙe. Kukan kunne ba ya kurmantar da mutum, alama ce ta abin da ya riga ya taɓa ji. Kuma ba hauka ba ne. Tinitus ba ya magana, ba ya kiran suna, ba ya ba da umarni. Wanda ke jin muryoyi suna yi masa zance, wannan wata lalura ce daban, likitan ƙwaƙwalwa ke duba ta, ita ma tana da magani.

Maƙwabtan injinmu sun shekara da shekaru suna hira, suna barcin rana, injin na aiki. Baƙo ne kaɗai ke cewa, "Kai, yaya kuke zama a nan?" Irin wannan sabo ake nema, kuma yakan ɗauki watanni, wani ma shekara ɗaya zuwa biyu.

Mataki na 3: Ka ƙwato darenka

Da rana hayaniyar gari na rufe ƙarar. Bayan isha'i, in gida ya yi shiru, sai ta fito ta mamaye ɗaki. Wanda bai yi barci ba kuwa komai ƙanƙantar abu dutse ne a wurinsa, shi ya sa nake cewa a fara gyara dare kafin a taɓa sauran.

Kada ka kwanta cikin tsit. Ka kunna fanka, in babu wuta mai caji ta wadatar. Ko ka murɗa rediyo tsakanin tashoshi biyu inda ba a magana, ko ka sauke sautin ruwan sama a waya tun da rana. Sirrin yana wajen saita murya: ka bar ta ƙasa kaɗan da kukan kunnenka, yadda za ka riƙa jin su biyun suna cakuɗuwa. In ka binne kukan gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa ba za ta samu damar sabawa da shi ba, kuma da ka kashe sautin zai dawo maka sabo fil. Wasu karatun Alƙur'ani a hankali ya fi kwantar musu da rai, ni ma da shi nake farawa, sannan in bar fanka ta kai ni asuba. Iyafis dai kada ka kwana da shi a kunne, ka ajiye wayar a gefe.

Idan ka kwanta, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, cikinka na tashi yana sauka. Minti 5 zuwa 10. Fitar da numfashi a hankali na rage gudun zuciya, ya sanar da jiki cewa babu abin gudu. Daga nan ka bi gaɓoɓinka tun daga yatsun ƙafa, ka ɗaure kowace na ɗan lokaci ka saki. Ka kula da muƙamuƙi da wuya, don masu kukan kunne da yawa suna kwana suna cije haƙora ba su sani ba, kuma hakan na iya ƙara shi.

In ka kai kamar minti 20 barci ya ƙi zuwa, ka tashi. Ka zauna a tabarma, ka ja carbi ko ka yi nafila, sai ka ji idanu sun yi nauyi ka koma. Kwanciya ana juyi ana faɗa da ƙara tana koya wa jiki cewa gado filin daga ne. Lokacin tashi kuma ya zama ɗaya kullum, mu asuba ta riga ta tsara mana wannan. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Shayi da goro, ka tsayar da su daga la'asar, saboda barcin.

Ƙwayar barci ta kemis, irin su baliyam, ina roƙonka ka nisance ta. Tana sa dogaro, kuma ranar da ka daina, rashin barcin da fargabar sukan dawo fiye da da.

Mataki na 4: Ka kama tunanin da ke hura wutar

Wani mai kemis ya taɓa ce mini, "Wannan ba shi da magani, sai haƙuri." Maganar nan ta kwantar da ni sati 2. Gaskiya ne babu ƙwayar da aka tabbatar tana kashe ƙarar, har da ganyen ginko da ake tallatawa a intanet. Amma wahalar tana da magani. Hanyar da bincike ya fi goyon baya ita ce wadda masana halayyar ɗan Adam ke kira CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar zama da ƙwararre, kuma hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa ta cikin shawarwarinta na 2020 ga masu wannan lalura. In ka samu ƙwararre ta hannun likitanka, ka rungume shi. Kafin nan ga abin da za ka iya farawa da littafi da biro.

Ka raba shafi gida 3. A na farko ka rubuta lokacin da abin ya taso maka: "Bayan magariba, ina zaune ni kaɗai a zaure." A na biyu ka rubuta ainihin abin da zuciyarka ta faɗa, ba gyara: "Haka zan ƙare rayuwata, ba zan sake jin daɗin komai ba." A na uku ka amsa wa zuciyar kamar yadda za ka amsa wa amininka da ya zo maka da wannan magana. Ba za ka yi masa ƙarya ba, ba kuma za ka ƙara masa tsoro ba. Ka nemi hujja daga rayuwarka: "Jiya da muke lissafi a shago na fi awa ban tuna da shi ba. An duba ni ba a ga mugun abu ba. Daren Talata na yi barci." Farkon yi za ka ji kamar wasan yara. Ka daure ka yi sati 3, za ka tarar tunani 3 ko 4 ne kawai ke ta dawowa cikin riguna daban-daban, kuma ka riga ka tanadi amsarsu.

A ƙasan shafin, sau ɗaya a rana, ka ba da maki biyu daga 0 zuwa 10: ƙarfin ƙarar, da yadda ta dame ka. Ni a littafina na farkon ya tsaya a 6 kusan kullum, na biyun kuwa yana yawo tsakanin 2 da 9. Ranar da na samu saɓani da wani a kasuwa 9, ranar sunan ɗan ƙanena 2. Da idona na ga cewa ƙarar daban, damuwar daban. Bayan sati 2 ka daina ba da makin, don yawan aunawa shi ma kasa kunne ne.

Wannan ɗabi'a ta kasa kunne ita ce ta fi wuyar bari. Mutum ya farka, abu na farko shi ne ya saurara ya ji ko yana nan. Ya shiga banɗaki ya toshe kunne ya gwada. Duk sanda ka kama kanka kana haka, ka ce a ranka "na ji ka", sannan ka mayar da hankali kan wani abu na waje: sautuka 3 da ke kewaye da kai, sanyin ruwan alwala a hannu, ƙamshin girki. Ba korar ƙarar kake yi ba, wuri kake ba ta a gefe kamar baƙon da ya daɗe har an daina yi masa shimfiɗa.

Sannan ka koma wa abubuwan da ka bari. Majalisa, gona, islamiyya, ziyarar dangi, tattaki bayan asuba. Ka zaɓi ɗaya a wannan satin ko da ranka ba ya so.

Mataki na 5: Ka buɗe baki a gida

Ciwon da ba a gani yana da wuyar samun mai tausayi. Mai karaya ana zuwa dubiya da lemo, mai kukan kunne sai a ce ana ambatonsa ne a wani wuri, a yi dariya a wuce.

Mu maza ɓoyewa muke yi. Namiji na ganin in ya ce ƙara ta hana shi barci za a ce ya cika raki, sai abin ya fito ta wata ƙofa: faɗa, ɗaure fuska, ƙaurace wa mutane. Wanda jinsa ya ragu yakan daina zama majalisa saboda kunyar yawan cewa "na'am?" Ga kuma zullumin abinci, don mai walda da mai injin da direban babbar mota sun san sana'ar da ke ciyar da su ita ke cin kunnensu. Ni sai da maiɗakina ta tare ni ta ce, "Maigida, in laifi muka yi a faɗa mana, yaran nan tsoronka suke ji yanzu." A daren na zaunar da ita, na murɗa rediyo tsakanin tashoshi, na kai shi daidai ƙarfin abin da nake ji, na ce ta saurara na minti 2. Ba ta kai ƙarshe ba ta ce, "Haka kake kwana?" Tun ranar ita ke tuna cajin fanka. Ka gwada wannan, ya fi dogon bayani.

Mata kuwa sukan faɗa, sai dai ba a ɗaukar maganar da nauyi. Yayata ta fara jin fuu-fuu a kunne daidai da bugun zuciyarta bayan haihuwarta ta 5. Aka ce iska ce ta same ta a jego, aka yi ta hayaƙi, wasu ma suka ce tunanin kishiya ne. Ta yi wata 3 tana kuka a ɓoye, tana tsoron kada a ce ta taɓu. Da na je gaishe ta na ce, "Yaya, ki shirya gobe in kai ki a auna jininki." Aka tarar jininta ya yi ƙasa sosai. Da aka yi maganin ƙarancin jinin, ƙarar ta lafa. Mai ciki ma da ta fara jin kukan kunne, musamman da ciwon kai ko kumburin ƙafa, a auna hawan jininta ba tare da jinkiri ba. Kada mu manta da matan da ke sana'ar markaɗe a cikin gida, injin na ruri a tsakar gida tun safe, goyo a baya. Ga kuma wadda ke wuni ita kaɗai bayan maigida ya fita yara sun tafi makaranta, daga ita sai ƙarar.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da aka buga a 2019 kan mutum sama da 70,000 a ƙasar Suwidin ya gano alaƙa tsakanin tinitus mai tsanani da yunƙurin kashe kai a tsakanin mata. Maigida, in iyalinka ta ce kunnenta na kuka, izini da kuɗin mota da rakiya zuwa asibiti suna wuyanka.

Ga masu zama da mai lalurar: ku daina tambayar "yau ya kunnen?" safe da yamma, don kuna mayar masa da hankali kan abin da yake ƙoƙarin mantawa. Ku tambayi barcinsa, ku ja shi hira, ku fuskance shi in za ku yi magana maimakon ƙwala kira daga wani ɗaki. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, ni ma ban bar addu'a ba ko kwana ɗaya. Sharaɗi dai kada a yi wa mutum ihu a cikin kunne, kada a ɗiga masa komai.

Mataki na 6: Ka tsare abin da ya rage

Man zaitun, ruwan albasa, tafarnuwa, man shanu, duk na ga an zuba. In dodon kunne ya huje, waɗannan na iya jawo ciwon da ya fi na farko. Tsinken ashana, gashin kaza da auduga kuwa tura dauɗa ciki suke yi.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hayaniyar da ta kai desibel 85, awa 8 ce iyakarta a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya zama minti 15 kacal. Ba sai kana da na'urar awo ba: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya da kai ya ji ka, wurin ya kai a toshe kunne. Matoshin kunne na soso ba shi da tsada, ka sa shi a wajen injin, walda, ko kusa da bindigogin gargajiya ranar hawan sallah. A wajen biki ka nisanci lasifika. Janareta a kai shi nesa da ɗakin kwana. Muryar waya a iyafis kada ta wuce kashi 60 cikin 100.

Amma kada tsoro ya sa ka yini da toshe a kunne a cikin gida ko kasuwa. Hakan na ƙara fito da kukan, ya kuma sa sautin yau da kullum ya riƙa yi maka zafi. In gwaji ya nuna jinka ya ragu, ka tambayi likita batun na'urar ƙara ji. Mutane da yawa da sun sa ta sai kukan ya ja baya, don ƙwaƙwalwa ta samu sautin da take nema. Kunyar sa ta ba ta fi kunyar sa tabarau ba.

Mataki na 7: In duhun ya yi yawa

Idan ka kai sati 2 kusan kullum ranka a ɓace, abin da kake so da ya fita daga ranka, abinci ba ya shiga, kana jin ba ka da amfani, wannan ciwon damuwa ne ya hau kan na kunne. Ka faɗa wa likita da bakinka, ka nemi a haɗa ka da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Haka 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukan Batsari, Jibiya ko Safana, waɗanda kunnensu ya fara kuka bayan harbe-harbe: in ƙarar na dawo musu da abin da suka gani, da mugun mafarki da firgita, a yi maganin biyun tare.

In kuwa tunanin raba kanka da duniya ya fara zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka tashi wani a gidan, ko ka kira amini ko limamin unguwa, ku tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren. Wanda aka gaya wa kuma kada ya tsaya wa'azi ko faɗa, ya kawar da magunguna da maganin ƙwari daga kusa, ya zauna da shi har a isa wurin likita.

Ko bayan an samu sauƙi, akwai ranakun da ƙarar ke tashi: bayan zazzaɓi, mura, gajiya, ɓacin rai ko hayaniya. Watan jiya na je ɗaurin aure Daura, aka zaunar da ni dab da lasifika, na manta matoshina a aljihun wata riga. Da na dawo Katsina kunnuwan nan kamar ana busa usur. Da can ne da na kwana zaune ina lissafin ƙarshena. Na gaya wa maiɗakina, ta ce, "Sannu Maigida, Allah ya sawwaƙe," ta jawo fanka kusa da gado. Na buɗe tsohon littafina na karanta amsoshin da na rubuta da hannuna, na yi numfashina, na kwanta. Kwana 3 ya ɗauka kafin ya koma yadda yake, kuma matoshin yanzu a ɗaure yake da makullin babur ɗina.